Sunan da Hajja Kaltuma Ta Ara Mini a Umbadda

Tun kafin mu je Sudan, abin da nake tsoro ba jirgi ba ne, ba kuma zafin ranar da ake ta ba ni labari ba. Bakina nake tsoro. Ni mace ce da ba ta iya cewa a'a ba. Ko a gida Birnin Kudu, idan mai talla ta sauke mini abin da ba na so, sai in ce to, in saya, in koma ɗaki in yi ta jin haushin kaina. To idan da Hausa ma haka nake, ina ga ƙasar da ba na jin yarensu? Na riƙa raya wa kaina cewa wata rana za a faɗa mini wata magana in ce to, ashe yarda na yi a ɗauke mini 'yata. Da na gaya wa maigidana, Baban Walida, sai ya yi dariya, ya ce wa zai ɗauki yarinya mai kuka irin wannan. Ni dai ban yi dariya ba.

Shi walda yake yi. Wani tsohon ubangidansa ne ya kira shi aiki a Mantiƙa Sinaiya ta Khartum, unguwar gareji-gareji da masana'antu. Ya riga mu tafiya, daga baya muka bi shi, Walida tana goye, ni kuma wurin aikin da aka yi mini lokacin haihuwarta bai gama daina ciwo ba.

Masaukinmu na farko Dar Salam ne, can bayan Umdurman, inda gidajen duk na jar ƙasa ne, babu inuwar kirki. Dillalin da ya sama mana ɗakin ya nuna mini famfo a tsakar gida, yana ta magana yana murmushi. Ni kuma kalma ɗaya na iya a lokacin, kwayyis, wato da kyau, sai na yi ta maimaita masa ita. Bayan ya karɓi la'adarsa ya tafi na murɗa famfon, shiru. Na bi bututun da ido, ashe a gindin katanga ya ƙare, ba a haɗa shi da komai ba. Ruwa sai na mai jaki, wanda yake zagayawa da ganga a kan amalanke yana buga ta da sanda. In ka ji bugun ba ka fito da wuri ba, ranar sai ka yi taimama da haƙuri.

Baban Walida yana fita da sassafe, don sai ya hau mota biyu kafin ya ƙetare gada ya shiga Khartum. Ni da yarinya muke wuni. Makwabta suna da kirki, suna miƙo mini kisra, wata 'yar siririyar waina mai tsami, amma magana ba ta haɗa mu. In sun yi dariya in yi, ban san na mene ne ba. Akwai ranakun da nake zama in yi ta kiran sunayen 'yan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, don kawai kunnena ya ji Hausa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na shiga kasuwa sayen tukunya. Walida ta tsananta kuka a bayana, ni kuma ina jin kunyar in zauna in shayar da ita a cikin mutane. Sai na ji murya daga ƙarƙashin wata rumfa: "Ke yarinya, sauke ta ki ba ta nono mana! Kasuwar ta uban wani ce da za a kore ki?"

Na juya. Wata dattijuwa ce baƙa, doguwa, ta naɗe da tob irin na matan Sudan, gabanta ƙwaryar godo-godo, furarsu ta can. Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ina hawaye ba. Ta ce, "A'a, ni ban mutu ba, kukan me kike yi mini?" Ta jawo mini kujera, ta dama mini fura da hannunta.

Ita ce Hajja Kaltuma. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙasa zai je Makka, ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, guzurin bai taru ba har ya tara jikoki. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, sai dai tana yi tana tsoma Larabci. Ba ta kirana da sunana Murja sai in ta yi fushi. Kullum ya bitti, wato 'yata. Da ta ji labarin famfonmu ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta ce ɗanta ya tafi aiki Saudiyya, sashensa a rufe yake a gidanta da ke unguwar Umbadda, mu zo mu gani.

A Umbadda na fara sanin cewa ina raye a Sudan. Tsakanin sashenmu da nata akwai wata 'yar ƙofa a jikin katanga, suna ce mata naffaj. Ba ta da ƙyaure. Ta nan kwano yake shigowa, ta nan garwashi yake fita, ta nan Walida ta koyi rarrafe zuwa wurin Hajja. Kowace hantsi, kafin ta tafi kasuwa, matan layin suna taruwa a rumfarta shan jabana. Za a soya 'ya'yan gahawa a gabanka, a daka da citta, a saka turaren wuta, a zauna a kan gadajen igiya ana hira. Har yau in na ji ƙamshin citta a wuta sai zuciyata ta tafi rumfar nan. Hajja mace ce mai suna a layin. Ita ake ba wa ajiyar kuɗin adashi, ita ake kira in miji da mata sun saɓa. Ta sha faɗa mini, tana nuna ƙofar gidanta da muciya, "Ƙofar nan tun da aka kafa ta ba a taɓa buga ta don bashi ba."

Ana haka sai ciwon kai ya sa ni gaba, ƙafafuna suna kumbura. Hajja ta kai ni asibiti. Likitar ta ce jinina ya hau, ta ba ni magani, ta ce in rage gishiri, kuma lallai in riƙa tafiya kullum. Hawan jini ne ya kashe mahaifiyata tana da sauran ƙuruciya, don haka maganar ta shige ni sosai. Amma tafiya a ina? Rana tana fitowa ƙasa take ɗaukar zafi har ta cikin takalmi, ga ni da goyo, ga tsoron ɓata.

Wata makwabciya ce ta ba mu labarin sala. Haka suke kiran gidan motsa jiki. Yana saman wani gidan burodi a bakin titi, tafiyar raksha kaɗan daga gidanmu, rakshar nan ita ce Keke Napep ɗinsu. Da safe na mata ne zalla, kuma akwai ɗakin yara da mai kula da su. Baban Walida ya ce in dai don lafiya ne zai matse ya biya.

Hajja ce ta raka ni. Mai kula da wurin wata 'yar gayu ce, Ustaza Salma, mai zanen lalle har gwiwar hannu. Ta ce hanya biyu ce: ko in riƙa biya wata-wata da tsada, ko in ɗauki shekara guda da rahusa, ina biya kaɗan-kaɗan duk wata. Amma tunda ni baƙuwa ce, ta shekarar sai da ɗan ƙasa da zai tsaya mini. Kafin in buɗe baki Hajja ta ciro katinta na shaidar ɗan ƙasa daga ƙullin tob ta ajiye a tebur.

Na ce, "Hajja, da dai mun yi shawara."

Ta ce, "Shawarar me? Gudu za ki yi? Ina za ki da ƙafafun nan kamar turmi?"

Abu biyu na sa ta tambayar mini, har sau biyu: ɗakin yaran yana nan kullum? Lokacin mata da safe ne? Ustaza Salma ta ce tabbas, har ta kama hannuna ta kai ni na ga ɗakin, da tabarmar roba da 'yan kayan wasa. Aka kawo takarda. Na iya karatun Alƙur'ani, amma wannan rubutun ba wasali, ban gane ko kalma ɗaya ba. Na dangwala yatsa, Hajja ta dangwala nata a ƙasan nawa. Yadda ake shiga duk an gaya mana. Yadda ake fita, ba su faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Hajja ta leƙa ciki ta ga mata a kan injin tafiya, bel yana gudu a ƙarƙashinsu suna ta taku ba sa zuwa ko'ina. Ta riƙe baki. "La ilaha illallahu. Kakana ya tako daga Haɗeja har nan ba a karɓi ko sisinsa ba. Ke kuma za ki biya kuɗi ki yi tafiya a wuri ɗaya!" Har muka iso gida tana ba direban raksha labari.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wurin nan. Matan da kake gani a titi a naɗe, ba ka jin ko tarinsu, suna shigowa sai su warware tob su rataye, su koma yara. Ana tsokanar juna, ana gasar wa ta fi zufa. Akwai na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, tana hura iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ƙamshin burodi yana tasowa daga ƙasa, sai wata ta yi ihu ta ce wannan ai zalunci ne, a hana mu ci sannan a sa mu shaƙa. A nan na tsinci yawancin Larabcin da na iya. Ta taga ina hango rufin gidajen Umbadda har inda ido ya ƙare, ga hasumiyoyin masallatai, ga shirwa tana shawagi. Walida tana ɗakin yara, in na leƙa in ga tana ƙwace wa 'ya'yan mutane kayan wasa. Ciwon kan ya ragu. Zoben da ya matse mini yatsa ya koma yana juyawa.

Bayan 'yan watanni sai abubuwa suka canza. Mai wurin, wanda ba mu taɓa ganinsa ba, ya ga maza sun fi kawo kuɗi. Muka zo wata safiya muka tarar an fasa bangon ɗakin yara an jera ƙarafan ɗagawa a ciki. Aka ce daga yanzu safiya da yamma na maza ne, mata kuma daga azahar zuwa la'asar, lokacin da ko jaki ba ya son fita. Wasu matan suka yi ta faɗa da Larabci. Ni na ce to.

Na gwada zuwa da azahar ɗin. Ina ajiye Walida a gefe a kan zanena, in hau inji idona yana kanta. Rannan na juya in goge zufa, kafin in waigo ta rarrafo ta ɗora hannu a bakin bel ɗin. Allah ya taƙaita, fatar yatsu biyu ce ta saɓule, wata mata ta yi wuf ta kashe injin. Na ɗauke ta na rungume. A bakin ƙofa Ustaza Salma ta shafa kanta ta ce, "Ma'alesh," wato yi haƙuri, "sai gobe ko?" Na ce, "In sha Allahu." A raina na san ba zan ƙara taka matakalar nan ba.

A garinmu haka ake barin abu. Idan kitson mai kitso ya daina yi miki, ba za ki je ki ce mata na bar ki ba, wannan ai cin fuska ne. Kina daina zuwa ta gane, in kun haɗu a biki ku gaisa lafiya. Na ɗauka ko'ina haka ne. Na ce wa Baban Walida na daina, ya daina ba ni kuɗin. Hajja kuwa da azahar tana kasuwa, ba ta san ina gida ba. Na so in gaya mata, sai in tuna yadda ta ciro katinta ba ta ko yi shawara ba, in ji nauyi ya kama ni. Yatsun Walida ma na ce mata ƙofa ce ta datse su. Wayata ta yi ta ƙara da wata lamba, in na ɗauka na ji Larabci da sauri sai in kashe.

Ranar da abin ya fashe, muna rumfa ana shan jabana, mata sun cika. Aka buga ƙofar gida da ƙarfi. Wani mutum ne da farar riga da jaka a hammata, bai jira an ce ya shigo ba ya tsaya a bakin zaure, ya ɗaga murya ya kira cikakken sunan Hajja har da na mahaifinta. Ya ce an aiko shi daga sala. Wadda ta tsaya wa ta gudu ba ta biya ba, watanni sun taru, kuma sauran shekarar ma yana kanta. In ba ta biya ba za a kai maganar gaba.

 Wata ta ajiye finjalinta a hankali. Sa'adiyya, ɗaya daga cikin masu zuba adashi a wurin Hajja, ta kalli ta kusa da ita. Hajja ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ta ce wa mutumin, "Na ji. Ka tafi." Ta ci gaba da zuba gahawa.

Da yamma na fito zan shiga wurinta, na tarar an jingine gadon igiya a bakin naffaj, ya toshe ta. Walida ta rarrafa ta kama igiyoyin tana leƙe tana kiran "Ajja, Ajja." Ba a amsa ba.

Baban Walida da ya dawo ya ji, ya yi salati ya ce mu biya kawai mu huta. Ya ranto kuɗi a wurin aiki ya kai wa Hajja har gida. Ta dawo masa da su ta hannun yarinyar makwabta ko buɗe ƙullin ba ta yi ba, ta ce a gaya masa ita ba ta tambayi kowa kuɗi ba. Kwanakin nan sun fi mini na Dar Salam ɗaci. Can ban san kowa ba. Nan kuwa ina jin ƙamshin jabana yana tsallako katanga, ina jin muryoyin da na sani, kuma na lura muryoyin sun ragu.

Da na ga ba ni da mafita, na goya Walida na zagaya ta titi, na buga ƙofarta kamar baƙuwa. Tana zaune tana tsince gero. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na kwance bakina na faɗa mata komai, ɗakin yaran, azahar ɗin, da gaskiyar abin da ya sami yatsun yarinya.

Ta ajiye faifan. Ta jawo hannun Walida ta duba tabon, ta daɗe tana kallo.

"Murja," ta ce, "yarinyar nan ta ji ciwo a wurin da na kai ki da ƙafata, kika ce mini ƙofa ce?"

"Kunya na ji, Hajja."

"Kunya! Mu ma mun gaji kunyar nan, kakata da ita ta zo a ƙullin zaninta. Amma kunyarki ta rufe miki fuska, ni ta tuɓe ni a gaban mata. Kin san Sa'adiyya ta zo ta karɓi kuɗin adashinta, wai za ta yi wata hidima? Wace hidima? Shekara nawa ina riƙe mata!" Sannan ta ce, "Nan birni ne, ya bitti. Abin da aka shiga da yatsa, da baki ake fita. Tashi ki wanke fuska, gobe za mu je."

Da na ji ta ce ya bitti, na san da sauran dama.

Washegari ta sha farin tob ɗinta na zuwa ta'aziyya da ɗaurin aure. A cikin raksha ta ce mini, "Ni na ara miki sunana, ba zan ara miki bakina ba. Ke za ki yi magana."

"Hajja, Larabcina fa..."

"Da wane Larabcin kike cinikin tumatir har ki sa mai tumatir rantsuwa? Da shi za ki yi."

Ustaza Salma ta tarbe mu da fara'a, ta sa aka kawo ruwan sanyi. Ta ciro takardar ta nuna inda na dangwala yatsana ta nuna na Hajja, ta ce shekara guda muka ɗauka, ko na zo ko ban zo ba kuɗi yana tafiya, haka tsarin yake. Ta ce in ina so ma sai in dawo yau, ai ƙofa a buɗe take. Na ji kalmar to ta taso mini har maƙogwaro. Na kalli Hajja, ta juya kai tana kallon silin kamar ba ta san ni ba.

Na ce, "Ana ma dayra." Wato ba na so. Muryata ta fito siririya kamar ta Walida. Na sake faɗa da ƙarfi. Sannan na ci gaba da guntun Larabcina, inda ya ƙare in cika da hannu. Na ce ranar da na zo na tambaye ki abu biyu. Kin kama hannuna kin kai ni ɗakin yara. Ina ɗakin yake yanzu? Kin ce safiya. Ina safiyar? Abin da na saya ke nan, ku kuka ɗauke shi, ba ni ba. Ku dawo mini da ɗakin da safiyar, gobe in zo. In ba za ku dawo da su ba, kuɗin me zan biya? Na ɗaga hannun Walida na nuna mata tabon.

Ta ce wannan ba ita ba ce, mai wuri ne. Kuma ai ban sanar da su na daina ba.

Akwai wata mata mai gilashi a kan keken motsa jiki kusa da ƙofa, ita ce wadda ta kashe injin ranar nan. Ashe tana ji. Ba ta ko sauko ba, tana taka keken ta ce, "Salma, ki ji tsoron Allah. Baƙuwar nan gaskiya ta faɗa. Wanda ya sayar da abu sannan ya canza shi, ba ya tilasta wa mai saye ya ci gaba da biya. Akwai ofishin da ake kai ƙarar irin wannan, na kare haƙƙin mai saye, ni na san hanyarsa. In ta tashi zuwa ni zan kai ta, kuma ba mu biyu kaɗai za mu je ba, kin san matan da suka bar nan."

Ustaza Salma ta ɗauki waya ta shiga ciki. Mun daɗe muna jiran ta. Da ta fito ta ce mai wuri ya yafe sauran shekarar da watannin da suka taru, amma zan biya na wata guda saboda na tafi ban faɗa ba. Na ce wannan na yarda, don a nan kam da gaskiyarsu. Mai gilashin ta ce kada mu tafi sai an rubuta mana cewa an rufe maganar, a buga hatimi. Aka rubuta, ta karanta mana da ƙarfi daga kan kekenta.

Na ɗauka an gama, na fara gyara goyo. Sai a lokacin Hajja ta buɗe baki.

"Saura nawa," ta ce. "Takardar nan ta yarinya ce. Ni matan layinmu ba takarda suka gani ba, murya suka ji. Mutumin da kuka aiko ya kira sunana da na ubana a ƙofar gidana, shi zai koma ƙofar, a lokacin da ya zo, da muryar da ya zo da ita, ya faɗa cewa ba a bin Kaltuma komai."

Ustaza Salma ta yi 'yar dariya ta ce, "Ya Hajja, ai ba a yin haka."

"Zuwan farko ana yi, na biyun ne ba a yi?" Ta gyara zama a kujera ta cire takalmi. "To ni ma ba a tashina. Ki sa a kawo mini shayi, ba sukari da yawa."

Matan cikin sala suka fashe da dariya, wata har da guɗa. Ustaza Salma ta sake ɗaukar waya.

Mutumin ya zo kuwa, bayan kwana biyu, da hantsi. Hajja ta aika an kira kowa, har Sa'adiyya. A wannan karon ya yi sallama ya jira. Ya tsaya a bakin zaure yana kallon ƙasa ya fara magana ƙasa-ƙasa. Hajja ta kama kunnenta ta ce, "Ɗana, na tsufa, ba na ji. Rannan ai muryarka har bakin titi." Ya ɗaga murya ya ce kuskure aka yi, ba a bin Hajja Kaltuma ko sisi, ba a bin baƙuwarta, sala tana ba da haƙuri. Ya juya zai tafi ta ce ina, ba a zuwa gidanta a fita da bushasshen baki. Aka ba shi kujera a tsakiyar mata, ya sha finjali uku yana zufa, suna tambayarsa ko yana da aure. Ni Hajja ta miƙo wa turmin gahawa ta ce in daka, wai tunda na daina biyan kuɗin motsa jiki sai in motsa a nan kyauta. Kafin a watse na ga Sa'adiyya ta matsa kusa da ita tana kwance bakin gyalenta za ta mayar mata da kuɗin adashin.

Tafiyar da likita ta ce kuwa, Hajja ce ta ƙarasa mini ita. Kullum bayan sallar asuba, kafin ƙasa ta yi zafi, sai mu fita ni da ita, Walida a bayana, mu bi layi-layi har wurin masu shayi a bakin titi mu dawo. Tana tafe tana nuna mini gidaje tana ba ni tarihin kowa, wa ya zo daga Jazira, wa kakansa Bakano ne, wa ya auri wa. A tafiyar nan na san Umbadda fiye da yadda na san garinmu.

Mun dawo gida da aikin Baban Walida ya ƙare, ba da daɗewa ba kafin yaƙi ya tashi. Da farko muna waya da Hajja. Ta ce mini suna nan, suna jin harbi amma ba za ta bar gidanta ba. Daga baya ta ce za su fita, ba ta san ko Jazira za su nufa ko wani wuri ba. Tun daga ranar lambarta ba ta ƙara shiga ba. Na ɗanta na Saudiyya ban taɓa karɓa ba, ban yi tunanin zan buƙace ta ba.

Walida ta shiga makaranta yanzu, ba ta tuna komai na Sudan. Ni ce dai nake tunawa.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan: idan kana da 'yan uwa cikin Hausawan Sudan, waɗanda suka watsu ko waɗanda suka dawo nan, don Allah ka tambayar mini su wata dattijuwa doguwa mai sayar da godo-godo, Hajja Kaltuma ta Umbadda, jikar mutanen Haɗeja. In tana raye, a gaya mata Murja tana da ɗaki a Birnin Kudu, ta zo ta ga ƙasar kakanta. In kuma ta riga mu, a faɗa mini gaskiya, kada a ji nauyina.